Damben Issufu a Lyon

Har gobe ban manta ranar da muka je Lyon wasan hoki na ƙanƙara ba. Ku sababbi ba ku fara aiki ba tukuna. Lokacin ni ke wasa kaifin ƙarfen da ke ƙarƙashin takalman 'yan wasa a wata ƙaramar ƙungiya ta gefen Paris. Wasan ƙarshen shekara ne, in aka ci mu sai rukunin ƙasa.

Kashi uku ake buga hoki. Kafin na biyu ya ƙare an zura mana uku, mu ko ɗaya.

Akwai Issufu, ɗan mutanen Damagaram haifaffen Montreuil, wanda ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Kwatsam sai muka ga ya cakumi wuyan rigar wani ƙaton Lyon. Ƙato ya yar da safar hannu, dambe ya kacame. A Faransa alƙali ba ya yi wa faɗa sassauci, nan take ya kori su biyun.

To, ku ji ikon Allah! Yaranmu suka tashi kamar an watsa musu barkono. Ɗaya, biyu, uku, ga ta huɗu ana dab da tashi! Na rungume direbanmu, muna tsalle muna ihu, ni da Hausa shi da Larabci.

A mota mai horar da mu ya miƙe ya ce, "Issufu ya juya wasan nan! Zuciya ke nan!" Gola ya ce a'a, ƙwallayen da ya tare fa? Gardama ta ɓarke, ana waƙa ana dukan kujeru.

Issufu ya matso kusa da ni, ido a kumbure. Tonton yake ce min, wato kawu da Faransanci.

"Tonton, ka rufa min asiri. Wallahi sandar hoki na taka, santsi ya kwashe ni. Rigarsa ce kawai kusa da zan riƙe."

Na yi dariya har da hawaye, ban lafa ba sai da muka hango Paris.

Bayan nan na ga dambe da yawa a kan ƙanƙara, wani a ci, wani a sha kashi. Ɗan wasa dai yana son abin da zai tayar masa da jini, wanda ya yi nasara kuma shi ke da labari. Amma duk mai ce muku dambe ke cin wasa, ku tuna masa ƙaton Lyon ma ya yi, kuma shi ya fi iyawa.