Jan kwali guda ɗaya a filin fareti

Ko me zan manta a duniya, ban da faretin makarantar ɗana a Lafiya, lokacin soja na mulki, jiharmu sabuwa fil. Yana aji biyu. Hedimastansu, wani tsohon soja, ya raba wa yara kwalaye biyu-biyu, kore da ja. Launin da ya kira, shi kowa zai ɗaga. Ranar, a gaban manyan baƙi, ya kira kore, fili ya yi shar, sai jan kwali guda ɗaya a tsakiya. Na ɗana.

Baƙi na tafiya aka kwantar da shi aka zane. Abin da ke ci mini rai har yau, da muka koma gida ni ma na ƙara masa, don tsoron kar a sallame shi daga makaranta.

Bayan kwana uku, a rumfata ta tumatir, na ce ya ware mini nunannu. Sai na lura ba kallonsu yake ba, matsawa yake da yatsa yana sunsunawa. Na ɗaga ɗanye da nunanne, na ce wanne ne ja? Ya ce, "Mama, kar ki doke ni. Iri ɗaya ne."

Washegari na durƙusa a gaban hedimastan a ƙofar ajinsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba taurin kai ba ne, idonsa ne ba ya rabewa."

Ya ce, "Madam mai tumatir, yaushe kika zama likita?" Ya ɗauki jan kwali ya nuna wa ajin. "Wannan kore ne. Wane launi ne?"

Yara masu lafiyayyun idanu suka haɗa baki, "Kore ne, sa." Malamarsu ta sunkuyar da kai.

Ya juyo ya ce, "Kin gani? A nan abin da na faɗa shi ne launi. Wanda ba zai iya ba, ga hanya."

Ban yi musu ba, wallahi har godiya na yi masa. Na cire yaron daga makarantar, na kai shi wurin yayata a Obi. Ya daɗe ba ya amsa tambaya sai ya karanci fuskar mai tambayar tukuna.

Ban yi boko mai nisa ba, amma na koyi wannan: mai son kowa ya ga abu iri ɗaya ba gaskiya yake nema ba, tsoro yake shukawa. Kuma ba ya iyawa shi kaɗai, sai da hannun irinmu.