Jawabin Kamfe a Gidan Biki

Jama'a, yau na sha kunya a Kaoje, kuma da tafi aka ba ni ita!

Kun san tun da na bar kansila, barkwanci nake yi a bukukuwa. Liman ya hana kiɗa, aka ɗauko ni. Labari uku, ko murmushi babu! Sai na maimaita jawabina na kamfe, cewa zan tare musu ambaliya ta daina cinye shinkafarsu. Har da masu faɗowa daga benci don dariya!

Ina saukowa wani dattijo masunci ya riƙe hannuna, ya ce, "Kansila, wancan karon ma mun yi dariya. Mun dai bari sai da motarka tat tahi."

Ni kuwa wancan karon wallahi da gaske nake.