Jiran Jirgin Nguru

Ina da shekara shida aka kai ni Fagge, gidan kakata ta wajen uwa, aka ce mini Umma ta tafi Nguru a jirgin ƙasa, za ta dawo in ta ji sauƙi. Sunan kakar tawa Falmata, amma Kaka kowa yake ce mata. Bayan magariba takan jawo kurfoti ta ɗora shayi, ni da 'ya'yan Kawu Bukar mu kewaye ta, ta yi ta ba mu tatsuniya har a kira isha'i.

Kawu yana sayar da rediyo da talabijin a Kasuwar Sabon Gari. Wata rana ya dawo da faifan katun da maƙwabcin rumfarsa Chidi ya ba shi, wai 'ya'yansa har sun haddace shi. Labarin wata 'yar masunta ne da ruwa ya tafi da kwalekwalen uwarta, ta bi kogi nemanta ita da wata agwagwa mai surutu. Da Turanci suke yi, ba ma ji, amma hakan bai dame mu ba. Duk inda suka yada zango sai waƙa. A ƙarshe ta tarar da uwar a wani tsibiri, lafiyarta ƙalau, har kifi take shanyawa.

Daga nan muka watse daga gindin kurfoti. In an kawo wuta, muna ɗaki. Kaka ba ta yi ƙorafi ba, ran nan ma sai ta shigo ta kalla tare da mu. Ta ce wanda ya zana ruwan nan ya san kogi, don ya nuna yadda yake duhu kafin hadari ya sauko. Agwagwar ta ba ta dariya har ta rufe baki da mayafi, waƙar masu tuƙin kwalekwale kuwa washegari na ji tana rera ta a hanci tana tankaɗe. Amma da aka zo wurin tsibirin sai ta juyo gare ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta fita.

Ni abin da na ɗauka a fim ɗin shi ne uwa ba ta dawowa sai an je nemanta. Wata Asabar da hantsi na sa takalmina na fice, na yi ta tambaya har na isa tashar jirgin ƙasa. Wata mai sayar da fura ta zaunar da ni kusa da ita, tana tambayata gidanmu ina ce mata jirgin Nguru nake jira. Sai wajen la'asar Kawu ya gano ni, idanunsa jajir. Bai doke ni ba.

Ranar akwai wuta, amma Kaka ta sa aka kashe talabijin. Ta zaunar da ni ni kaɗai, ta ce za ta ba ni labarin yarinyar nan cikakke, don masu fim rabinsa suka ji. A nata labarin, yarinyar ta isa tsibirin ta sami kwalekwale a kife, ɗankwalin uwarta ya maƙale a jikin wata ƙaya. Ta zauna a bakin ruwa. Agwagwar ma ta yi shiru. Kwana uku babu waƙa, sai ga kakarta ta biyo sawunta, ta ce ta tashi su tafi gida.

Na ce ba haka ba ne, ai na gani da idona.

"Na sani, ƙawata," in ji ta. "Su suna iya dawo da ita, ai su suka zana ta. Ni ba zan iya ba."

Na tambaye ta ko Umma tana Nguru.

"Ba ta can. Ranar da aka kawo ki gidan nan, ranar aka kai ta makwancinta. Ni na ce a ɓoye miki, kuma ban kyauta ba."

Na fi wata ba na zama kusa da ita. Fim ɗin na ci gaba da kallo, sai dai ana dab da tsibirin nakan fita tsakar gida. Ita kuma tatsuniyarta ta yi ta raguwa har ta daina, ta rasu ina aji biyu na sakandare.

Yanzu ina da 'ya, ba na kuma hana ta irin waɗannan fina-finai. Ban ce wancan ya cuce ni da gangan ba. Waƙoƙinsa sun ɗebe mini kewa a watannin da kowa a gidan yake kauda kai in na yi tambaya. An dai yi shi ne don yaran da za su gama kallo su juya su ga uwarsu a gefe, ni kuwa ba na cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai da na haihu na gane shi. Umma ita ce 'yar Kaka ta fari. Duk yammacin da ta zauna tana kwaikwayon muryar kura don mu yi dariya, ba a fi 'yan makonni da rufe 'yarta ba. Na yi fushi da ita, na huce, muka zauna shekara bakwai a ɗaki ɗaya, ban taɓa yi mata ta'aziyya ba.