Madarar da Na Auna da Finjalin Shayi

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. A farkon shekarun casa'in ni matar aure ce 'yar Damagaram, shekaruna ashirin da 'yan kai, muna zaune a Tamanrasset da maigidana, wanda yake gyaran manyan motocin da ke bin hanyar In Gezam. Ban taɓa taka ƙofar lekkol, wato makarantar boko, ba, amma baki gare ni, kuma ba na ɗaukar raini ko daga wa. Sana'ata sayar da madarar gari. Buhu nake saye, in riƙa aunawa da tiya ga matafiya masu komawa Arlit da Agadas. Na san madara kamar yunwar cikina. In na ɗebi gari na murza a yatsu na ɗora a harshe, zan faɗa maka ko an yi mata algus da fulawa ko ba a yi ba. Mai kyau takan yi maiƙo, ta ɗan yi rawaya, ta manne a dasashi. Har mata 'yan uwana kan kira ni in duba musu kaya kafin su saya. Wannan sanin da nake taƙama da shi, shi ya kusa kashe mini ɗiya.

Ɗiyata ta fari tana da wata biyar na gane ina da wani cikin. Kwanika ke nan, abin da ake yi wa mace dariya a kai a bayan ido. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wata mutuniyar Agadas da duk muke kira Inna, ita ta fara ganewa tun kafin in buɗe baki. Ta ja ni ɗaki ta ce 'yar nan, nonon ciki guba ne, in ina son yarinyar da rai in cire ta yau, kada ya kai gobe. Ban yi musu ba, don haka na taso na ji ana faɗa. Da a gida ne, da an kai ta wurin kakarta an san dabarar da za a yi. A Tamanrasset kuwa ba kaka, ba gwaggo, sai ni da jaririyar da ba ta san komai ba sai nono.

Maigidana ya je farmasi ya sayo gwangwanin madarar jarirai da bibiro, wato kwalbar shayarwa. Ina buɗe gwangwanin na yi abin da na saba. Na murza, ba maiƙo. Na duba, fara sol kamar alli. Na ɗanɗana, na ji ta lami, da wani ƙarni kamar na ƙarfe. Wata maƙwabciyata 'yar Maraɗi tana zaune a gefe, ta taɓe baki ta ce ai ita ta ji ana cewa kitsen alade ake zubawa a irin waɗannan, kuma wa ya san abin da Nasara ke haɗawa a inda ba mai ganinsu. Shi ke nan na yanke hukunci. Na ce wa maigida an ga baƙo an yi masa wayo, an sayar masa da algus a gwangwani mai hoto. Ya ce mai farmasin ya nanata masa cewa don jarirai aka yi ta, har ya nuna masa ɗan cokalin robar da ke ciki. Na ce masa ranar da ya gan ni ina tsoma baki a injin mota, ranar sai ya tsoma nasa a madara. Mutum ne mai gudun fitina, washegari ya bi wata mota da ta lalace a hanya. Gwangwanin na jefa shi bisa kantar ɗaki. Cokalin kuwa na wanke na sa a kwanon gishiri.

Allah ya sani niyyata kyakkyawa ce. So nake ɗiyata ta sha abu mai tsarki, halal, madarar saniya zalla wadda ba a gauraya da komai ba, wadda ni da kaina na tantance. Na buɗe buhun da ya fi kowane kyau a kayana. Ma'aunina finjalin shayi, irin ƙaramin nan da kowane gida na garin yake da shi, in cika shi har ya yi tozo. A wurinmu abu mai ruwa-ruwa na marowaci ne, fura ko kunu sai da kauri ake ba wanda ake so, to balle 'yar cikina. Na dama ta kirtib. Da ta ƙi fita ta bakin bibiron, na gasa allura a gawayi na faɗaɗa hudar. Ruwan kuma daga salkar da ke rataye a ƙofar ɗaki nake tsiyaya, don ya fi sanyi, ban taɓa tafasa shi ba.

Kwanakin farko ta sha ta yi barci, ina ta yi wa 'yar Maraɗi burga. Daga nan sai kuka. Tana gama sha ta fashe da kuka, tana wawurar bibiron kamar wadda ta kwana uku ba ci. Ni kuma in ce yunwa ce, in ƙara gari. Ashe ƙishirwa ke cin ta, ni kuma ina ƙara wa wutar itace. Wanda ya zauna garin nan ya san iskarsa, kana shanya zane kafin ka gama na ƙarshe na farko ya bushe. Haka yarinyata take bushewa a hannuna ban sani ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, na lura tsummokaran da nake wanke mata sun ragu, ba ta jiƙa su kamar da, sai na ji daɗi. Har na ce wa Inna 'yar tawa mai tsabta ce, ta rage mini wanki.

A mako na biyu jikinta ya yi zafi, leɓenta ya tsage, maɗigarta ta faɗa har ina iya ganin ramin daga nesa. Tana kuka ba hawaye, muryar siririya kamar ta ɗan kyanwa. Inna ta ce nonon cikin da ta sha kafin a cire ta ne yake tashi, ta kawo rubutu da wani magani aka shafa mata a ka. Zuciyata ta ce mini in tafi gidan likita. Amma takarduna sun daɗe da mutuwa, kuma a kwanakin ana ta kamen baƙi a zuba a mota a kai iyaka. Na riƙa ganin kaina a bayan mota, ga ciki, ga yarinya marar lafiya, maigida bai san inda muke ba. Ni da nake tsayawa a kasuwa in yi cacar baki da ƙarti, sai ga ni ina leƙen titi ta kafar ƙofa, in na hango kakin jandarma in koma ƙuryar ɗaki. Kwana biyu cur na zauna da ita a ɗaki saboda tsoro. Wannan ma ina so a rubuta shi yadda yake, kada a rage.

Rana ta uku bayan azahar, ina riƙe da ita, sai ta sandare. Idanunta suka juye, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa, bakinta yana taune-taune. Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, ba mayafi, bibiron na soke a zane don sabo. Wani Buzu da ya kawo kayan lambu daga Tit a buɗaɗɗiyar mota ya taka burki a gabana. Bai tambaye ni komai ba, ya dube ta kawai ya buɗe ƙofa. Duk tsawon hanyar ina sa kunnena a ƙirjinta, in ji bugu in rasa, in ji in rasa. A gidan likita kuwa, abin da na ɓata kwana biyu ina tsoro, ko mutum ɗaya bai tambaye ni takarda ba. Karɓe ta suka yi da gudu.

Likitar Balarabiya ce, sai wata ma'aikaciya Buzuwa mai jin Hausa tana yi mana tafinta. Bayan sun samu jijiya a kanta sun sa mata ƙarin ruwa, likitar ta tambayi abin da take sha. Ko a wannan hali sai da girman kaina ya motsa, na ce madarar da babu irinta a garin nan, ni na zaɓa da hannuna. Na ciro bibiron na miƙa. Ta kifa shi, madarar ta tsaya tana tunanin sauka. Ta dubi hudar da na faɗaɗa, ta dube ni. Buzuwar ce ta tambaye ni, wai 'yar uwa, wannan madara na dama ko kwaɓin ginin ɗaki. Sannan ta zaunar da ni ta fassara mini bayanin likita: madarar saniya don ɗan maraƙi aka yi ta, ta fi ƙarfin ƙodar jariri ko da an dama ta daidai, balle da wannan kaurin, wanda yake zuƙe ruwan jikin yaro. Ta gwangwanin da na raina kuwa, da gangan aka sassauta ta don ta yi kusa da nonon uwa.

Na buɗe baki zan kawo zancen maiƙo da ɗanɗano, sai Buzuwar ta katse ni. Ta ce tunda na iya gwajin madara, in gwada tawa mana. Nonona bai gama ƙafewa ba. Na juya baya na matso ɗigo biyu a tafin hannu, na murza kamar yadda nake yi a kasuwa. Tsararo ne, fari-fari, ba kauri, ba ya manne wa yatsa. Da a buhu aka kawo mini shi, da na rantse algus ne, na kori mai shi. A nan na durƙushe a ƙasan ɗakin, ban iya ko kuka ba.

Kwana tara muka yi. Sun ce ruwan a hankali za a mayar mata, in aka yi gaggawa ƙwaƙwalwa ce za ta taɓu, don haka na zauna ina kallon ɗigon yana sauka ɗaya bayan ɗaya, duk motsin da ta yi in zabura in ce jijjigar ce ta dawo. Ta dawo kuwa sau biyu. Maigida ya iso a rana ta huɗu, Inna ta riga ta gaya masa komai. Na so ya zage ni, ko ya tuna mini maganar injin mota. Bai yi ba. Gida ya koma ya ɗauko gwangwanin daga bisa kanta, ya tono cokalin daga kwanon gishiri, ya wanke, ya kawo ya ajiye a gefen gadon. Buzuwar ta karanta mana abin da aka haɗa madarar da shi, babu alade babu danginsa. Likitar kuma ta ce da na zo tun farko, da ta gaya mini cikin da nake da shi bai hana ni ci gaba da shayarwa ba, babu wata guba a nonona.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Amma hannunta na hagu bai da ƙarfi har yau, ba ta iya ɗaukar tulu da shi, kuma ta yi shekaru in zazzaɓi ya kama ta sai mun kwana da shirin jijjiga. Bayan mun dawo Damagaram, ina da 'ya'ya huɗu, na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama da allo cikin matan da na girma. Da na fara haɗa baƙi na ɗauko gwangwanin nan, don ban yar da shi ba. Sai na ga ashe ko karatu ba ya buƙata. Ga hoton buta tana tafasa, ga cokali an shafe bakinsa da wuƙa, ga layukan ruwa a jikin bibiro. Duk suna nan tun ranar farko. Ban duba ba ne, don na riga na sani. Saboda haka ba na ɗora laifin a kan rashin lekkol kaɗai, rabinsa na bakina ne.

'Yan uwana mata, in dole ta sa za ku cire jariri daga nono, kada ku zaɓa masa madara da harshenku, ko da jita-jitar maƙwabciya. Son abu mai tsarki da halal ba laifi ba ne, amma ku kai gwangwanin ga wanda ya iya karantawa, ku tambayi likita, ko da kuwa za a yi muku dariya. Ku tafasa ruwa, ku auna da cokalin da ya zo a ciki, kada ku ƙara don ƙauna. In tsummokaran yaro suka daina jiƙewa, ku ruga, kada ku tsaya neman takarda ko takalmi. Kuma kada kunyar kwanika ta sa ku raba yaro da nono dare ɗaya ba ku tambayi masu sani ba.

Ɗiyar tawa yanzu budurwa ce, tana karatu, kuma ita ke sayo wannan mujalla ta kawo gida. Sau da yawa ta tambaye ni abin da ya sami hannunta, in ce mata haka Allah ya so. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Ni da ba na jin tsoron faɗa wa kowa magana a ido, na kasa faɗa mata wannan. Ban sa suna ba, amma ta san gwangwanin da ke ƙasan akwatina, ta sha tambayata dalilin ajiye shi. In kin kai nan, uwata, ina tsakar gida. Ki zo ki faɗi duk abin da ke bakinki, yau ni ce mai yin shiru.