Mota Ɗaya Daga Gawa Uku

Ba na jin zan taɓa mantawa da Juma'ar da motar shararmu ta mutu a tsakiyar titi, a wani ƙaramin gari kusa da Lanham a Amurka, inda nake aikin kwasar shara. Lokacin watana huɗu ke nan a aikin, ni da ban taɓa yin wata shida a waje ɗaya ba. Baba Yakubu direbanmu, mutumin Pankshin, shi ya samo min shi.

Ga wanda bai sani ba, a Amurka gari ma yana karyewa kamar ɗan kasuwa. Namu saura ƙiris. Babbar masana'antar garin ta rufe, haraji ya ja baya, majalisar gari ta ce ko ƙusa kar a saya sai ta sa hannu. Bakanike kuwa tun kafin in zo aka sallame shi, mota kuma ita kaɗai ta rage mana.

Oganmu Mista Ray ya leƙa, ya ga lagireto ya fashe. Ya ce sai sabo, kuɗin sabo babu, kuma in mota ba ta fita ran Litinin ba, majalisa za ta ba wani kamfani aikin, mu shida kowa ya kama gabansa.

Na ce, "Oga, motocin nan uku da ke bayan gareji fa?"

Ya ce ai waɗannan sun mutu tuntuni.

Baba Yakubu ya ce min da Hausa, "Kai Sani, rufa mana asiri. Kai da ko aji uku ba ka gama ba?"

Na ce, "Baba, da na gudo daga aji ukun ai Panteka na tafi, kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan mota. A can mota ba ta mutuwa, sai dai ta suma."

Mista Ray ya yarda in ciro kaya daga matattun motocin in gyara tamu, da sharaɗin mai duba motocin gari zai gwada ta kafin ta hau titi, saboda abin da doka ta ce ke nan.

Asabar da safe muka hau aiki. Lagireton mota ta farko ya ruɓe. Na ta biyu lafiya lau, amma ya yi girma. Na yanko ƙarfe daga ta uku, na lanƙwasa, na yi masa mazauni, na liƙe bakin tiyo da dalma. Baba Yakubu yana miƙo sifana yana tsiya: "In ta tashi, tuwon Lahadi a gidana. In ba ta tashi ba, kai za ka yi wa Mama Rifkatu bayani." Matarsa ke nan, kuma duk mun fi tsoronta a kan majalisa.

Litinin mai dubawa ya zo. Ya daɗe kansa na cikin injin, ya ɗago ya tambayi wane kamfani ne ya ƙera mazaunin nan. Mista Ray ya nuna ni. Mutumin ya girgiza kai, ya yi dariya, ya sa hannu.

Muka fita. Baba Yakubu har da hon a kowace kwana, tsofaffi na ɗago mana hannu daga baranda. Majalisa ta ajiye maganar kamfani. Da Lahadi ta zagayo na ci tuwona da miyar kuka, har da ƙari.

Abin da na koya shi ne, a aikin shara mun fi kowa sanin yadda mutanen nan ke saurin zubar da abu, kuma ranar da aljihun gari ya bushe, wanda ya iya tsinta shi ake nema. Shekarata biyu ke nan ban canja aiki ba. Bayan garejin nan kuwa, yanzu har Mista Ray ma Panteka yake ce masa.