Yaron da Ya Ƙi Cire Takalmi

Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko aure ne ya ɓoye ni, ku kwantar da hankalinku, ko budurwa ban yi ba. Wata magana ce nake ta juyawa a raina, yau zan sauke ta.

Ina yaro muka gudo daga Borno saboda rikicin 'yan tada ƙayar baya. Da ƙafa muka fito, ko takalmi ban samu ɗauka ba. Ƙanin mahaifina, Baba Goni, ya riƙe ni a unguwar Makama da ke Yola, inda yake karantarwa.

Da aka saya min takalmi sai na kasa cire shi. Da shi nake kwana, da shi nake shiga zauren dattawa. In na sunkuya zan cire, sai in ji kamar yanzu za a ce a gudu.

A Yola kuwa, shiga wurin babba da takalmi ba ƙaramin raini ba ne. Aka fara cewa yaran Borno ba su da tarbiyya. Ranar da wani ya fizge min shi a ƙofar masallaci, na fasa masa baki. Daga nan sai faɗa, sai shan maganin tari don in samu barci.

Tare da 'ya'yan gari muke sha. Amma in an kama mu, su a miƙa su ga iyayensu, ni kuma 'yan sintiri su tsare ni suna tambayar wa na sani a daji. Tambayar nan ta fi min dukan ciwo.

Baba Goni ya gaji, ya ce gidan mari zai kai ni. Maganar ta kai kunnen maƙwabciyarmu Dada Aissa, wata tsohuwar Bafulatana da ba ta shiga sabgar kowa. Ta tako har zaure.

Ta ce, "Goni, yaron nan ba iskanci yake ba, ciwo ne. Ɗana Hamma ma haka ya fara. Don kunya muka kulle shi a ɗaki, har Allah ya karɓi abinsa. Kar ka ɗaure naka."

Ita ta raka mu asibiti. Aka auna jini da fitsari, aka yi ta min tambayoyi. Na ji tsoro ƙwarai, na zaci za a ce na haukace. Likitan ya ce, "Jikinka ya iso Yola, zuciyarka ce har yanzu take gudu."

Maganin da tsada, ga kasala, ga yawan barci. Na taɓa dainawa, ciwon ya dawo, na koma.

A bencin jiran likita na ga Fulani, Margi, Bacama, Hausawa, Barebari irina. Ciwonmu kusan ɗaya, shigowar ce ta bambanta. Wani da ankwa aka kawo shi, wani a ɓoye don kada dangi su ji.

Yanzu alhamdu lillahi, ina barci, ina ɗinki a Jimeta, takalmina na kwana a bakin ƙofa.

Na gode wa Baba Goni da ya saurari tsohuwa, da ma'aikatan da ba su taɓa tambayata ƙabilata ba.

Iyaye, in yaro ya sauya hali, ku tambaye shi abin da yake tsoro kafin ku ɗauki bulala. Ku kai shi asibiti da wuri, kada ya bar magani sai likita ya ce.

Da na samu sauƙi na je gaida Dada. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da sun kai Hamma asibiti, da yanzu tare za mu shigo.

Ku sa shi a addu'a.