Bangon Littafin da Aka Wanke Aka Sha

A shekarar da gobarar daji ta cinye gonaki, abinci ya yi wuya a Tamale, takarda ma ta yi wuya. Ina da tebur ɗaya a bakin kasuwa, ina sayar da biro da alli da rula. Da littattafan rubutu suka ɓace daga shaguna, sai na samo ragowar farar takarda wurin wani mai ɗab'i, ina yankawa ina ɗinkewa da zare a ɗakina a unguwar Tishigu. Bangon kuwa kwalin sabulu ne. 'Yan makaranta su ɗauka, su sunsuna, su ajiye.

Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta gyara mini sana'a. Mutuniyar Kudu ce, Kirista, tana zaune a unguwar Kanvili, kowa Ticha yake ce mata, ita kuma tana ce mini Massa, wato maigida. Ta zo sayen alli, ta jujjuya littafina, ta ce da gurguwar Hausarta, "Massa, wannan littafi tsirara ne. Ba ni goma."

Bayan kwana uku ta dawo da su. Ta manna takarda a kowane kwali, ta yi zane: da'ira cikin da'ira, wani abu mai murɗewa kamar bayan dodon koɗi, wani mai tsini yana kallon sama. Na tambaye ta ko mene ne. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Addu'a take yi ta yi shiru, sai hannunta ya bi inda aka kai shi. Ta nuna mini wani shafi da ya yage daga tsohon littafin Turawa, ta ce can ma an yi masu irin wannan zane tun zamanin kakanni, suna cewa ruhohi ke riƙe musu hannu. Ni abin da na lura da shi, babu hoton mai rai, don haka ba uban da zai hana ɗansa saya. Kafin azahar goman sun ƙare.

Da babbar jarrabawa ta gabato, ciniki ya wuce misali. Ban san dalili ba sai ranar da wata mai koko daga Dabokpa ta tsaya gabana, ta rage murya.

"Mai biro, ba ni mai ƙarfin nan, mai shuɗiyar da'ira."

Ta zaro wanda ta saya a baya. Bangon ya koɗe. Ashe wanke shi ta yi a ƙwarya kamar allo, ta ba 'yarta ta sha kafin jarrabawar lissafi, yarinyar kuma ta ci.

"Hatimi ne, ai mun gane," in ji ta. "Ba sai ka ɓoye ba."

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya biya. Da a ce na yi shiru na ninka farashi, da ba mai ja. Na je Kanvili na ba Ticha labari ina dariya. Ita ba ta yi ba.

"Yarinya ya sha? Massa, bula ne! Bulan wanki da gangamau da kunkunniya! Ka faɗa musu gaskiya, ko ka nemi wani hannu."

Wani hannun kuwa babu shi a garin. In ta janye, na koma kwalin sabulu.

Na faɗa wa masu saye, suka ƙi yarda, wai mai asiri ba ya tallarsa. Sai na ajiye benci kusa da teburina, na roƙi Ticha ta zo da kwanonin launinta ta yi zanen a bainar jama'a. Ta zo. Ta runtse ido cikin hayaniyar kasuwa, sannan ta fara. Mai kokon nan ta matso, ta tsoma yatsa a shuɗin, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Kai! Bula ce! To 'yata fa da ta ci?"

"Yarinya ya yi karatu, Maame," in ji Ticha. Layin masu saye ya ɗauki dariya.

Ciniki ya ragu sosai bayan nan, amma Ticha ba ta janye ba. Mun yi aiki tare har idonta ya raunana, ta koma garinsu.

Yau ina da shago, littattafan cikinsa duk na inji ne, bangonsu yana sheƙi. Wanda aka wanke ɗin nan na karɓe shi ranar da mai koko ta nuna mini shi, na ba ta sabo a madadinsa. Yana cikin aljihun tebur. Da'irar ta kusa ɓacewa, amma har yanzu ana ganin inda hannun Ticha ya bi.